Ranar da na kai mutum goma sha huɗu cin abinci a shagon da ya tashi

Har yau in na bi ta Rye Lane, babban titin kasuwar unguwar Peckham a Landan, na hango wannan shagon kofi mai farin fenti, sai kunyar ranar ta dawo mini sabuwa fil.

'Yan'uwanmu mazauna Landan ne suka ce in zagaya da sababbin ɗalibai unguwar Peckham in ba su tarihinta, tunda na yi shekara huɗu a can kafin in tashi. Na karɓa da zumuɗi. Mako uku ina karatu. Har fam goma-goma na karɓa na abinci, na cika baki cewa za mu ƙare a wurin wata Bayarabiya mai dafa-duka da ba ta da na biyu. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban taka ƙafa na bi hanyar ba. Wata tara rabona da unguwar, amma ina ganin ai gida ne.

Farkon yawon ya yi daɗi. Na gaya musu ƙauye ne da sunansa ya fito a kundin ƙidayar ƙasar Ingila na shekarar 1086, mai lambunan da ke ciyar da Landan. Abin da ya fi burge su shi ne masu koro shanu daga Kent nan suke yada zango kafin su shiga kasuwar birni, wani ɗan Maraɗi ya ce ashe Turawa ma sun san zango. Jirgin ƙasa ya iso a 1865, gonaki suka zama gidaje. Na nuna musu hasumiyar agogon kantin Jones & Higgins, wanda ya buɗe a 1867 ya rufe a 1980. Muka leƙa doguwar hanyar ciyawa da ke bayan laburare, inda a da ruwa ne da aka haƙa wa kwale-kwalen dakon katako, aka cike shi a farkon shekarun 1970, gadojin kuma suna nan tsaye babu ruwa a ƙarƙashinsu. Da na ambaci Damilola Taylor, yaron Najeriya ɗan shekara 10 da aka kashe a Nuwamban 2000 a rukunin gidajen North Peckham da aka rushe, kowa ya yi tsit.

Ina ta kumbura, ni ga masani. Sai muka iso.

Babu shago. Babu ƙamshin manja, babu buhunan gari a bakin ƙofa. Samari ne zaune da kwamfutoci, kofi ɗaya ya kusa kuɗin farantin da nake ci a da. Ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu, ga mutum goma sha huɗu da yunwa suna kallona. Na shiga na tambaya, yarinyar da ke sayar da kofin ta ce ita a haka ta tarar da wurin. A ƙarshe wani gidan abinci muka shiga, na cika kusan rabin kuɗin daga aljihuna.

A cikinmu akwai wani dattijo da ya zo Ingila tun ban zo duniya ba, bai ce uffan ba duk yawon. Muna zaune ya ce, "Ɗana, ka gama ba mu tarihin matattu, bari in ba su na masu rai." Na ce, "Bismillah, Baba." Ya riƙa nuni ta taga: can mai kitso ce, can mai sayar da katin waya, can mahauci. Ya ce tun da aka buɗe mashaya a saman ginin ajiye motoci a 2009, sannan sabon layin jirgi ya haɗa unguwar da gabashin Landan a 2012, masu kuɗi suka gano wurin, haya ta yi tsalle, ƙananan 'yan kasuwa suka fara tattara komatsai. Ya kuma tuna mini cewa mu ma da muka cika titin, 'yan Ayalan da 'yan Jamaika muka tarar, wasunsu sun riga sun ƙara gaba. Minti ashirin ya yi, ɗaliban suka fi sauraronsa a kan mako ukuna. Abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Duk wanda za a ɗora wa irin wannan aiki, ya bi hanyar da ƙafarsa kwana biyu kafin ranar, ya leƙa kowace ƙofa da zai ambata. Kada ya karɓi kuɗin kowa sai ya ga tukunya a kan wuta. Ya zauna wurin mai aski ko da rabin awa, don littafi ya san shekarar da kanti ya rufe a 1980, amma bai san wanda ya kasa biyan haya a watan jiya ba.

Na sake yin yawon a bazara, Baba a gaba ni a baya. Matar kuwa, wani mai sayar da doya ya ce mini ta koma wajen Woolwich. Sau biyu ina zuwa, ban same ta ba tukuna.