Abin da na koya a bakin wutar maƙera a Garwa

Duk fartanyar da ka gani a kafaɗar manomi tsakanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, da wuya ka sami wadda ba daga jikin mota ko ganga aka yanko ƙarfenta ba. Jirgin ƙasa yana sauke kaya a Ngawundere, manyan motoci su kwasa su nufi Kusuri da Injamena, hanya ta ci sifirin ɗinsu, sifirin ya karye, makaniki ya cire ya jefar gefe. Daga nan ne maƙeri yake samun nasa. Gatari, adda, lauje, bakin garmar shanu, har wuƙar mahauci, akasarinsu asalinsu ke nan. Shi ya sa maƙerin yau ba ya samun ƙarfe iri ɗaya sau biyu a jere, kuma babban iliminsa shi ne ya gane abin da ke hannunsa kafin ya ɗaga masaba.

Ni malamin makaranta ne, ban gaji ƙira ba ta uwa ko ta uba. Sha'awa ce ta kai ni, sai ranakun Asabar da lokacin hutu nake zuwa. Ranar da na gaya wa tsohon da ya koya mini abin da ke tafe da ni, ya daɗe yana kallon hannuna kafin ya ce, "Malam, gidanku akwai maƙeri?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ce, "To, zauna nan ka yi zuga." Malam yake kirana har yau saboda aikina, amma wurin zaman da ya ba ni shi ne na ƙaramin yaron maƙera, kuma na daɗe a wurin.

Zuga aiki ne da mutum zai raina daga nesa. Zuga-zugin Baba na fatar akuya ne, guda biyu, dama na sauka hagu na tashi, don kada iska ta yanke. Maƙwabtansa da yawa sun koma wa fanka da ake juyawa da gargaren keke, ta fi sauƙi kuma ba ta gajiyar da kafaɗa. Ko wanne ka riƙa, mai zuga shi ke da wuta. In ya yi sanyin hannu ƙarfe ba zai nuna ba, in ya zafafa sai ka ga tartsatsi fari yana tashi daga cikin gawayi, ƙarfen ya ƙone ke nan, ya tashi daga aiki. Wanda ya zauna a wurin zuga dole idonsa ya koyi launin ƙarfe tun kafin a ba shi guduma, kuma sai daga baya na fahimci dalilin da ya sa ake fara ajiye kowa a can.

Kayan aikin ba su da yawa. Uwar maƙera da aka kafa a kututture, masaba mai nauyi, ƙaramar guduma ta gyaran baki, awartaki iri-iri, kurfi na yanka, magagari, da kwatarniyar ruwa. Wasu guntun layin dogo ne uwar maƙerarsu, wasu kan tsohon inji. Awartakin Baba duka shi ya ƙera abinsa, kowanne da irin bakin da zai kama irin aikinsa, kuma abu na farko da ya bari na ƙera da hannuna shi ne awartakina. Mai sha'awar ƙira da ke jiran sai ya tara kuɗin kayan Turai kafin ya fara, ɓata lokacinsa yake yi. A tsugune ake wannan aiki a ƙasarmu, da kayan da maƙera ke yi wa kansu, kuma da su ake ciyar da gari.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne rarrabe ƙarfe. Baba zai ɗauki guntu ya sake shi a kan uwar maƙera ya saurari amonsa. Ya goga magagari a gefensa ya ji ko yana ci ko yana zamewa. In akwai wuta a shagon mai walda na kusa, ya kara shi a dutsen wasa na inji ya duba tartsatsin: mai tafiya dogo miƙe, ƙarfe ne mai laushi, mai fashewa yana rassa, mai ƙarfi ne, zai karɓi horo. Rodin gini sai dai a yi ƙugiya ko murhu da shi, ba ya riƙe kaifi. Sifirin mota shi ne na gatari da adda. Akwai kuma ƙarfen da aka narka aka zuba a mazubi, irin na jikin injin ban ruwa da wasu sassan injin niƙa, wanda ko ka gasa shi ya yi ja, kana dukansa zai tarwatse. Da na koma littafi sai na tarar duk bambancin nan a kan sinadarin kabon yake: ƙarfe mai laushi ba ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, na sifirin yana kusa da 0.6, na zubi kuwa ya haura kashi 2. Baba bai taɓa jin waɗannan lambobi ba, amma ban taɓa ganin ya sa ƙarfen zubi a wuta da niyyar dukansa ba.

Bari in faɗi yadda yake horar da bakin gatari, don nan ne aikin yini guda yake tsayawa ko ya lalace. Ba ya yi da tsakar rana. Hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe, sai ka ɗauka bai yi zafi ba alhali ya wuce. Sai inuwa ta sauko cikin rumfa yake mayar da gatarin wuta, bakin kaɗai, ya ce a yi zuga a hankali. Idan ya yi ja sosai, ja ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ya zaro shi ya tsoma bakin a ruwa kamar faɗin yatsu biyu, yana ɗan motsa shi sama da ƙasa don kada a sami layi ɗaya inda zafi da sanyi suka haɗu, nan ne yake tsagewa. Ya fito da shi tun jikin gatarin na baya yana da sauran zafi, ya yi maza ya goge bakin da dutse har ya yi fari. Sai mu zuba ido. Zafin da ya rage a baya yana gangarowa zuwa baki, launi na tafe da shi: rawaya-rawaya a gaba, ruwan goro na bin ta, shuɗi na can baya. Da ruwan goro ya iso kaifin, sai ya nutsa gatarin duka a ruwa. In ka yi gaggawa bakin zai yi tauri ya ɓalle a kan itace mai ƙarfi, in ka makara har shuɗi ya wuce zai yi laushi ya lanƙwashe. Tsakanin biyun ɗan lokaci ne ƙanƙane, kuma ba mai magana a rumfar sai an ji ƙarar ruwan.

Na kawo masa maganaɗisun tsohuwar rediyo wata rana na nuna masa cewa ƙarfe yana daina kama shi idan zafinsa ya kai wajen digiri 770, wato dab da inda ake so a tsoma. Ya gwada, ya ga hakan ne, ya ce a rataye shi don yara masu koyo. Launukan bayan tsomawa su ma littafi ya san su: rawayar tana wajen digiri 230, shuɗin wajen 300. Siraran abubuwa kamar wuƙa, a tsohon man inji yake tsoma su, don ruwa yana saurin tsaga su.

Gyara ya fi ƙira sabo wuya, wannan ma a wurinsa na gani. Sabo kai ka zaɓi ƙarfenka. Gyara kuwa an kawo maka aikin wani, da gajiyar da ƙarfen ya sha, da halin mai shi. Kafin Baba ya taɓa fartanya sai ya tambayi mai ita, "Ina gonar taka? Wa ke noma da ita, kai ko mai ɗakinka?" Ƙasar yashi daban, baƙar lakar da ake dasa dawar rani ta muskuwari a cikinta bayan damina a wajen Marwa daban, ƙasar duwatsu daban. Doguwar mace da gajeren tsoho ba za su riƙe fartanya mai lanƙwasa ɗaya su wuni lafiya ba. Zai duba gefen da ya fi cinyewa ya gane ko bahago ne mai ita. Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974 mai hedkwata a nan Garwa, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa noman shanu a arewa, kuma bakin garma abu ne mai cinyewa. Daga watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, rumfar takan cika da su, kowa na so a gama masa kafin ruwan shuka. Da yawa ba su da kuɗi a hannu a wannan lokaci. Baba zai yi aikin ya ce sai kaka, kuma da kaka ta yi sai ka ga ana shigowa da dawa da gyaɗa. Ba takarda tsakaninsu, ba shaida. Wanda ya ci amana sau ɗaya, duk layin maƙera za su ji.

Samari yanzu walda suke so, kuma ban ga laifinsu ba, ƙofa da taga da gado sun fi fartanya kawo kuɗi. Maƙeri da mai walda suna buƙatar juna, kullum aiki na tsallakawa daga wannan rumfa zuwa waccan. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sa yara a gaban wutar walda ba gilashin kare ido, su kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi, a ce ai kowa haka ya fara. Ana yanka gangar da ta taɓa ɗaukar fetur ba a cika ta da ruwa ba, alhali tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Ana gasa bututu mai farin shafi a rufaffen wuri, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Waɗannan abubuwa uku ba su buƙatar kuɗi mai yawa, magana ce da maigida zai yi ya tsaya a kanta, kuma ina faɗa a duk shagon da aka saurare ni.

A wurinmu Hausawa ƙira gado ce mai martaba. Akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi masu kayan noma da maƙeran fari masu zobe da munduwa, akwai kiɗan dundufa da wasan wuta. Da na fara zama da maƙeran da suka sauko daga duwatsun Mandara, na ji wani labarin daban. A al'adar Mafa da Kapsiki maƙera junansu suke aure, su ne masu binne mamaci, matansu ke ginin tukwane, kuma sauran mutane kan guji cin abinci a ƙwarya ɗaya da su. A Chadi ma waɗanda ake kira Haddad sun daɗe suna fama da raini irin wannan. Alhali kakannin mutanen Mandara su ne suke tattara baƙin yashi a ƙoramu bayan ruwan sama su narka shi su fitar da ƙarfe, tun babu mota ko ɗaya a ƙasar. Sukur, can tsallaken iyaka a Najeriya, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta yi suna ne har da wannan sana'a. Shigowar tsohon ƙarfen mota ce ta kashe narkar tama a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Raina yana ɓaci in ga mutumin da ba a iya noma sai da hannunsa, ana ƙyamar hannun.

A layin maƙera dai ban ga wannan ƙyama ba. Bahaushe da Bamafe da Bafulatani, da Fulatanci ake ciniki, da shi ake aron kurfi da gawayi. Idan babban aiki ya zo, kamar buɗe sifirin babbar mota, mutum ɗaya ba ya iyawa, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maigida na riƙe da awartaki yana nuna wuri da ƙaramar guduma, majiya ƙarfi biyu na sauke masaba bi da bi, kuma ba a tambayar ƙabilar wanda ya zo taimako. Ni da nake yi don sha'awa, sharaɗi ɗaya Baba ya kafa mini: "Malam, kana da albashi. Kada ka karɓi aikin da wani zai ci abinci da shi." Saboda haka abin da na ƙera na gidana ne ko kyauta, mai son saye kuma in nuna masa rumfar da zai je.

Abu biyu ke matse sana'ar yanzu. Na farko gawayi. Na ƙirya maƙera suka fi so, don yana da nauyi, yana riƙe zafi, ba ya saurin zama toka, amma ƙirya sai ƙara nisa take yi da gari. A Chadi gwamnati ta hana gawayi tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 don kare itatuwa, a nan ma ma'aikatan gandun daji suna sa ido a kan masu kawo shi. Na biyu, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli suna kwashe shi a manyan motoci zuwa kudu, sifirin da makaniki ke bayarwa kyauta a da yanzu sai an yi ciniki. Shi ya sa a rumfar Baba ba a zubar da komai. Gawayin da bai cinye ba a yayyafa masa ruwa a ajiye na gobe. Fartanyar da ta cinye a fitar da lauje daga jikinta, laujen in ya sirance ya koma wuƙar kicin, guntun da ya saura a miƙe shi a yi basilla ko ƙusa a sayar wa dukawa da kafintoci.