Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Aka Danƙa Mini Usur

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na kammala karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, na koma ɗakin soron gidanmu ina jiran aikin koyarwa da bai zo ba. Wannan kashi ya shafi shekarar 2013 ne kaɗai, domin a cikinta ne abubuwa biyu da na taso ina tsammanin ba sa zama inuwa ɗaya, wato ƙwallon ƙafa da hidimar ikkilisiya, suka haɗu a hannuna.

Duk wanda yake saurayi a wancan lokaci zai tuna daren Lahadi 10 ga Fabrairu, lokacin da Sunday Mba ya jefa ƙwallo a ragar Burkina Faso a birnin Johannesburg, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a ƙarƙashin Stephen Keshi, karo na farko tun 1994. A gidan kallon da ke kusa da Ƙofar Ƙaura mun rungumi juna babu wanda ya tambayi addinin wani, kuma washegari kowane fili a birni ya cika da yara masu ganin cewa gobe su ne. Sabon filin wasa na Karkanda, wanda daga baya aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko, ya ƙara mana ƙaimi. Ni a lokacin ina da shekara 23, ina buga tsakiya a ƙungiyar unguwarmu, ranar Lahadi kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa. A majami'a an saba mana da cewa kiran Allah yana zuwa ne ga wanda zai zama fasto ko mai bishara, ƙwallo kuwa shashanci ce da ake haƙuri da ita har yaro ya yi hankali, saboda haka nakan ɓoye takalmin wasana a cikin leda idan zan wuce gwajin waƙa.

A cikin watan Maris wani mutum ya zo bakin fili da mota, ya kalli atisayenmu, sannan ya kira mu huɗu gefe. Ya ce yana da hanyar kai 'yan wasa gwaji a kudu, daga can kuma zuwa Turai, amma akwai sharaɗi biyu: kuɗin hanya da na takardu, da kuma sabuwar takardar rantsuwar shekaru wadda za ta nuna ina da shekara 17. Bai faɗi wannan da kunya ba, domin a duniyar ƙwallo kowa ya san abin da ake kira shekarun ƙwallo. Na tambaye shi batun hoton ƙashin wuyan hannu da hukumar FIFA ta fara ɗauka da na'urar MRI don gane ainihin shekarun 'yan wasa tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka yi a nan Najeriya, har aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna. Ya yi dariya ya ce wannan na 'yan wasan ƙasa ne, ƙungiyoyin da zai kai ni takarda kawai suke dubawa.

Da dare na sami mahaifina a tsakar gida na yi masa bayani, ina fatan zai sayar da buhunan masarar da aka aiko masa daga gonarmu ta Kafur. Bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na kakanmu, wanda ya karɓi bangaskiya a lokacin da yake jinyar kuturta a Babbar Ruga a hannun 'yan mishan na SIM, ya buɗe bangon ciki inda ake rubuta ranar haihuwar kowane ɗa a gidanmu, ya ɗora yatsa a kan sunana da shekarar 1990. Ya ce, “Ɗana, ni na rubuta wannan da hannuna ranar sunanka. Idan ka je kotu ka rantse a kan wata shekara, to ɗayanmu maƙaryaci ne, kuma ka san ramin ƙarya ƙurarre ne. Masara ba ta fi ka ba, amma ba zan sayar da ita in saya maka ƙarya ba.” Na ce, “Baba, kowa haka yake yi.” Ya ce, “Kowa ba ɗana ba ne.” Biyu daga cikin abokaina sun biya kuɗin sun tafi, suka dawo bayan wata biyu ba su ga ko ƙofar ƙungiyar da aka yi musu alkawari ba.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini nauyi ƙwarai. Babu aiki, ƙwallo ta fita raina, na daina zuwa gwajin waƙa, ina yini a shagon wani abokina mai cajin waya. Ana cikin haka ne fastonmu ya zo gida da yammacin wata Talata a kan babur ɗinsa, ya gaisa da Mama, ya ce in raka shi. Ya kai ni bayan wata makarantar firamare, inda yara kusan ashirin suke buga wata ƙwallo da ta sha faci, ya ce in ƙirga waɗanda na sani. Fiye da rabinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne da suka girmi makarantar Lahadi amma ba su isa shiga zumuntar matasa ba, kuma na daɗe ban ga ko ɗaya daga cikinsu a sujada ba. A gefen katanga wasu manyan samari suna zaune da kwalaben maganin tari, suna aiken ƙananan sayen sigari.

Ya ce, “Ɗana, waɗannan yaran idan sun hango ni gudu suke yi, domin sun ɗauka faɗa na zo yi. Kai kuwa sun san sunanka, sun san lambar jesinka. Ni ina da bagade amma ba ni da ƙafa, kai kana da ƙafa. Za ka riƙe mini su?” Na ce, “Baba Fasto, ni ban yi makarantar Littafi ba, me zan koya musu?” Ya ce, “Fara da zuwa a kan lokaci.” Ya ciro usur daga aljihun rigarsa ya miƙa mini.

Kafin mu fara sai da maganar ta je gaban dattawan ikkilisiya, kuma zaman bai yi sauƙi ba. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai, tsohon malamin makaranta, ya miƙe ya karanta 1 Timoti 4:8, inda Bulus ya nuna cewa horon jiki amfaninsa kaɗan ne idan aka gwada shi da ibada, ya ce kuɗin baiko ba na sayen ƙwallo ba ne. Wani kuma ya amsa da 1 Korantiyawa sura 9, inda Bulus ɗin nan ya ɗauki masu tsere da masu dambe ya koyar da kamun kai, ya kuma tuna wa jama'a cewa ƙungiyar Boys' Brigade da suke alfahari da ita, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 ta kuma iso Najeriya a 1908, da fareti da motsa jiki ta soma jawo yaran da makarantar Lahadi ta kasa riƙewa. A ƙarshe aka yarda a gwada na wata shida, bisa sharaɗin cewa ba za a taɓa asusun ikkilisiya ba. Zumuntar mata ce ta rufa mana asiri. Shugabarsu ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, mu ne muke kwana ba barci saboda yaran nan, ba dattawa ba,” suka ware ɗauka ɗaya daga adashensu, aka saya mana ƙwallo biyu da jesi na gwanjo daga babbar kasuwa.

Dokokinmu kaɗan ne, amma ban taɓa sassauta su ba. Wanda ya yi fashin makaranta ba ya sa jesi a wannan mako, wanda ya yi ashar yana fita fili na minti goma ko da shi ne gwaninmu, kuma kowane yaro yana faɗin shekarunsa na gaskiya in rubuta a littafi bayan na tabbatar daga iyayensa. Bayan atisaye mukan zauna a ƙasa na ɗan lokaci, in ɗauki abin da ya faru a fili a ranar, kamar yaron da ya ƙi ba ɗan'uwansa ƙwallo ko wanda ya faɗi da gangan don a ba shi fanareti, in haɗa shi da aya ɗaya, mu yi addu'a mu tashi. Na lura cewa yaron da ba zai iya zaman wa'azin minti arba'in ba yana riƙe magana ɗaya har sati ya zagayo, muddin a kan abin da ya gani da idonsa aka yi ta.

Abin da ba mu yi tanadinsa ba shi ne yaran maƙwabta Musulmi, waɗanda tun asali tare suke wasa da namu, kuma babu ta yadda za a ce su koma gefe. Raunin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda aka ƙona majami'u a cikinsa a wasu garuruwan jiharmu, bai gama warkewa ba, saboda haka wasu iyaye ta ɓangarorin biyu suka fara ƙunƙuni. Na nemi shawarar Baba Fasto, ya ce kada in jira a aiko a kira ni, in je da ƙafata. Na sami wani malami mai makarantar allo a unguwar, wanda ɗansa ne mai tsaron ragarmu, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Allah gafarta Malam, ni Kirista ne, kuma majami'a ce ta sa ni wannan aiki. Ina yi wa yaranmu addu'a da karatu bayan atisaye. Ban so ka ji wannan a bakin wani ba.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Samari, da ka ɓoye da na cire ɗana gobe. Tun da ka faɗa, ga nawa sharaɗin: a sallame su kafin kiran magariba, kuma karatunku ku yi shi bayan sun tafi.” A kan haka muka tsaya, kuma da azumi ya kama a watan Yuli muka mayar da atisaye ya zama mai sauƙi ga kowa, domin yaranmu da kansu suka ce ba za su sha ruwa a gaban abokansu ba. Ba banza ake kiran Katsina ɗakin kara ba, kuma na ga karar nan a wurin yara 'yan shekara goma sha uku.

Wasu 'yan'uwa sun ce da na yarda da sharaɗin malamin na ji kunyar bishara. Har yau ban yarda da su ba. Ban ɓoye wa kowa ko ni wane ne ba, kuma ɗan da uba ya ba ka amana a kan magana, idan ka zagaya ta bayansa ka karya ta, ka ɓata sunan Almasihun da kake cewa kana ɗaukakawa.

Aikin da ya fi canza ni kuwa a wajen fili na same shi. Dokar makaranta ta tilasta mini shiga gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya, a nan na gane cewa wanda nake ɗauka malalaci ne yana tura baron ruwa tun asuba kafin ya zo, kuma ɗan wasan bayanmu mai saurin fushi yana kwana ne a gidan da uba ke dawowa a buge. Akwai wani maraya da ya kai aji biyu na ƙaramar sakandare bai iya karanta jimla ɗaya ba, ya kuma iya ɓoye hakan da wasa da dariya. Na fara zama da shi da wasu huɗu a barandar majami'a kowace Asabar da safe, da allo da alli, ilimin koyarwar da na ɗauka ya tashi a banza ya sami inda zai yi aiki. Ranar da yaron nan ya tsaya a sujadar matasa ya karanta Zabura 23 daga farko har ƙarshe, kakarsa ta rangaɗa guɗa a cikin majami'a, ni kuwa na ji wani farin ciki da babu ƙwallon da na taɓa ci da ta ba ni irinsa. Ina ganin ikkilisiyoyinmu da yawa suna asarar 'ya'yansu tsakanin shekara 12 da 17 ne saboda suna jiran yaro ya zo ya zauna a benci, alhali babu wanda ya san ƙofar gidansu.

A ranar 8 ga Nuwamba Najeriya ta doke Meziko da ci 3 da nema a Abu Dhabi ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙarƙashin Manu Garba, muka kalli wasan tare da yarana duka a falon Baba Fasto da janareton aro. Wa'adin wata shidan da aka ba mu ya cika a makon, kuma ranar Lahadi bayan sujada aka ce dattawa suna nemana. Na shiga da littafin sunayen yaran a hannu, na shirya kare aikin. Dattijon nan da ya fi kowa adawa da farko shi ne ya yi magana. Ya ce jikansa ya daina fashin makaranta, ya ce sun ga hannun Ubangiji a kaina, saboda haka sun yanke shawarar ɗaukar nauyina in tafi makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro, domin a cewarsa lokaci ya yi da zan bar wasan yara in shiga ainihin hidima. Suka ba ni zuwa Kirsimeti in kawo amsa. A littafin da ke hannuna akwai sunayen yara 31, kuma babu wani a ikkilisiya da ya yarda ya karɓi usur idan na tafi. Amsar da na kai musu, da abin da mahaifiyata ta faɗa mini kafin in kai ta, su ne za mu ɗora a kai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu.