Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Fijon da Silonta Ya Ƙi Sauka

A makon jiya na tsaya a inda Oga ya ɗauke ni daga wankin fulogi da miƙa sifana, ya fara barina ina sa hannu a inji. To, a wannan tsakanin ne, lokacin wahalar mai ta zamanin Abacha, wani dattijon direba mai jigilar Katsina zuwa Daura ya shigo garejinmu na wajen Ƙofar Ƙaura da Fijo 504 wagon. Tun daga bakin titi muke jin kukanta.

"Oga, silo ya ƙi sauka," in ji shi, yana nufin juyin inji in ba a taka totur ba. "Ko na ɗaga ƙafa daga totur ihu take yi. In zan sa giya sai ta yi gurnani, in na kashe makulli sai ta yi ta jijjiga kafin ta mutu. Ga mai a hannun 'yan bumburutu, kafin in kai Mashi allura ta sauka."

Oga bai tashi daga kan benci ba. Ya dube ni ya ce, "Kai, je ka duba wa Baba. Amma sukurun silo, kada ka taɓa shi sai na ce."

Wannan sukurun kowane yaron gareji ke fara kai wa hannu, don murɗa ɗaya sai kuka ya ragu, mai mota ya biya ya tafi, jibi ya dawo. Lafiyayyar 504 da ta yi zafi, silonta bai kamata ya wuce juyi 800 zuwa 900 a minti ba. Tamu kuwa ta yi sama da haka sosai, ko kurma ya dafa bodinta zai gane.

Na fara da wayar totur. Na cire ta daga jikin kafireta, don in ta ɗaure ko ta yi tsatsa a cikin rigarta ba ta barin maƙogwaron kafiretar ya rufe. Kuka bai canza ba. Sifirin da ke mayar da totur ma da ƙarfinsa. Na cire murfin iyakilina na leƙa cok, wato marfin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi, tunda in ya maƙale yana ɗan buɗe totur da kansa, na tarar a buɗe yake tsaf. Nan na tsaya ina sosa ƙeya.

Oga ya ɗago murya daga inda yake, ba ni ya tambaya ba ma. "Baba, yaya birkinka kwanan nan?"

Dattijon ya ce, "Wallahi ya yi tauri, sai na danna da ƙarfi."

Oga ya miƙo mini filaya ya ce in matse baƙin tiyon da ya taso daga manifol, bututun da ke kai iska da mai cikin inji, zuwa tulun birki. Ina matsewa muryar inji ta sauya nan take. Na bi tiyon da yatsa, ta sama lafiya lau, ta ƙasa kuwa, dab da kilif, zafin inji ya busar da robar ta tsage. Da na kara kunne na ji siririn fito. Ta nan injin ke satar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, kuma ta nan ƙarfin birkin ke zurarewa.

Sauran labarin direban ne ya cike mana. Da hunturu motar ta riƙa mutuwa da safe, wani makaniki a tasha ya murɗa mata sukurun silo, ya kuma buɗe na mai. Iskar sata ta haɗu da ƙarin mai, shi ya sa da inji ya yi zafi sai ta kama ihu. Ba na ganin laifin mutumin sosai, fasinja na cikin mota suna jira, wa zai tsaya bin tiyo?

Da tiyon bai nuna komai ba, da sai mu koma kan gasket ɗin gindin kafireta, sannan taimin. A lokacin fetur muke ɗiga wa gindin, in kuka ya canza an gano kafar. Oga ba ya yin haka sai da bokitin yashi a kusa, ni kuwa yau ba na barin yarana su yi, wuta ba ta ba da notis.

Aka aiki ƙaramin cikinmu ya sayo sabon tiyo, na ɗaura. Sai a lokacin Oga ya taso da sukundireba. Ya sassauta sukurun silo, ya koma na mai yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kansa a karkace yana saurare, har injin ya kwanta. Ya sa dattijon ya zaga da ita ya taka birki, ya dawo yana cewa tun damina rabonsa da birki mai taushi haka.

Da zai tafi ya ja Oga gefe, ya ce yana neman yaro mai kunne da zai riƙa binsa hanyar Daura, ko za a ba shi ni. Rigimar da wannan magana ta tayar tsakanin Oga da mahaifina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.