Godiya bayan jinyar Abba

Alhamdulillahi, jiya Abba ya kwana a ɗakinsa. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yi mini afuwa, barcin wata 3 nake ramawa.

Kun ga yadda ya sha maganin tarin fuka har wata 2, tari bai lafa ba, zazzaɓin dare da rama sai gaba suke yi. Sai a Asibitin Malam Aminu Kano wani likita ya dube shi ya ce, "Baba, kana kiwon tsuntsaye?" Shekara 30 ke nan yana share akurkin tattabaru da kaji da hannunsa. Ashe ƙwayar cuta ce dangin funfuna, histofilasmosis suke ce wa ciwon da take kawowa. A ƙasar da kashin tsuntsu ya daɗe yana taruwa take tsirowa, in ya bushe aka sa tsintsiya, ƙurar ce ke kai ta huhu. A hoton ƙirji kuma kamar tibi take.

Daren da aka fara ɗaura masa ruwan amfoterisin, maganin kashe funfunar, ba zai bar raina ba. Wajen ƙarfe 2 jikinsa ya ɗauki ɓari, haƙora na haɗuwa, gadon ƙarfen har ƙara yake. Na riƙe ƙafarsa ina salati, na ɗauka tafiyar ce. Wata baiwar Allah da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta yaye bargonta ta lulluɓe shi, ta ce, "Ɗana, je ka kira nas, ni ina nan." Cikin sanyin hunturun nan ta ƙarasa daren da mayafi kawai. Ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya ba mijinta lafiya, Ya lulluɓe ta da rahamarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa.

Na san ba za su so ba, amma sai na faɗa. Yaya Babba da ya sayar da babur ɗinsa saboda gwajin ƙoda da magani. Hajiyar maƙwabtanmu a Fagge, kunun gyaɗa kullum safiya har asibiti. Limaminmu da jama'ar sahun asuba. Allah Ya biya ku da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan mahaifanku, Ya raba ku da kwanan asibiti.

'Yan uwan da suka ji "tari" suka ɗauke ƙafa, likita ya ce wannan ba a ɗaukarta daga mutum. Ƙofa a buɗe take.

Saura shan ƙwayar maganin itirakonazol na shekara guda, ku ci gaba da sa shi a addu'a. Da asubar yau tambayarsa ta farko, wa ke zuba wa tattabaru dawa? Autanmu ne, da takunkumi a hanci, kuma sai ya yayyafa ruwa kafin ya taɓa tsintsiya.