Kusurwar Red House ta tsaya bayan na rushe ta sau biyu

'Yan'uwa masu koyon ƙananan gine-gine, daren jiya kusurwar farko ta samfurin Red House da nake yi ta tsaya daidai, kuma na daɗe a gabanta na kasa kashe fitila. Wannan shi ne gidan da mai zanen gine-gine Philip Webb ya zana wa William Morris, mai zanen kayan adon gida, a 1859, a Bexleyheath da ke kudu maso gabashin Landan, wanda yake mataki na ɗaya cikin gine-ginen da dokar Ingila ta kare, kuma National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ke kula da shi tun 2003. Ba a shafe bangonsa na waje da filasta ba, jan bulon shi ne adonsa, don haka kuskuren jeri ba shi da wurin ɓuya.

Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaurin Ingila: sahu ɗaya bulo ya nuna tsawonsa, sahu na gaba ya nuna kansa. Na fara jeri daga kusurwa kai tsaye, sai gaɓoɓin sama, wato mahaɗar bulo da bulo, suka riƙa faɗawa kan na ƙasa, layi ya miƙe tun daga tushe kamar bangon ya tsage. Na ɗauka bulona ne bai yi daidai ba, na rushe, na sake zuba wasu, na kuma samu abu ɗaya. Sai da na ƙura wa hotunan tsofaffin bangaye ido sannan na lura da siririn yankin nan da magina ke sawa bayan bulon kusurwa a sahun kai, wato bulon da aka raba biyu ta tsawonsa. Shi ne yake gusar da sahun da rubu'in bulo, gaɓa ta daina hawa kan gaɓa.

A ma'aunin 1:24, wato kashi ɗaya cikin 24 na girman ainihi, tsawon bulo bai cika milimita 10 ba, faɗin wannan yanki kuwa ya ɗan haura milimita 2. Duk wanda na yanka bayan ya bushe sai ya marmashe a hannuna, samfefa kuma ta cinye gefensa. A nan na yi asarar fakitin yumɓu guda da aikin mako uku, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in tsaga shi da reza yana da sauran laima, lokacin da ya daina manne wa yatsa amma bai yi tauri ba, in kuma danne shi da gilashi don kada ya lanƙwashe.

Na so in gama bango kafin in taɓa tagogi, amma tuni na fara gwada bakunan nan masu tsini da ke saman tagogin gidan, kuma bulon tsakiya ya ƙi zama. Rijiyar tsakar gida mai rufi kamar malfa sai ta jira tukuna.