Cire tsaron masu amfani a tsohon rumbun Access da gyara batun mallaka

Cikin ayyukan da ake kawo wa shagonmu a Sabon Garin Zariya akwai wanda ba ya yankewa: tsohon rumbun bayanai na Microsoft Access, fayil mai ƙarewa da .mdb, wanda aka haɗa wa makarantar kuɗi ko kemis ko ƙungiyar adashin ma'aikata tun zamanin Access 2003. An sayi sabuwar kwamfuta, an kwafo fayil, sai ya ce babu izinin karantawa. Wanda ya haɗa shi kuwa ya bar gari tuntuni.

Yawanci fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsalar daga tsarin tsaron masu amfani ne, wanda ke ba kowane mai shiga izininsa. Tsarin ya raba aiki biyu: izini yana cikin .mdb, sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu kuma suna cikin wani fayil dabam mai ƙarewa da .mdw. Access ba ya gane mutum da suna, da wata lamba yake gane shi, wadda yake haɗawa daga sunan da kuma lambar PID, wato lambar shaida da aka sa ranar buɗe asusun. Shi ya sa in ka ƙirƙiri sabon asusu da suna iri ɗaya amma PID ya bambanta, baƙo ne a wurinsa, kuma wajen mai mallaka sai ka ga an rubuta Unknown. Don haka abin da muke fara tambaya shi ne tsohuwar kwamfutar. A gajerar hanyar da ake dannawa a fuskarta, bayan /wrkgrp, an rubuta inda .mdw yake. Sai kuma kalmar sirrin wani ɗan rukunin Admins, wato masu ikon raba izini. Ba ma taɓa aikin sai mai wurin da kansa ya ba da umarni, don bayanan kuɗin makaranta ba abin wasa ba ne.

Kafin komai, kowa ya rufe rumbun har fayil ɗin .ldb, wanda ke bayyana idan rumbun yana buɗe, ya ɓace, a kwafi .mdb da .mdw a filashi. Kwamfutar kuma ta kasance kan batir ko inbata, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki tana lalata fayil.

A shiga da asusun ɗan rukunin Admins ɗin, a buɗe User and Group Permissions, a zaɓi rukunin Users, wanda kowane asusu yake ciki, a ba shi cikakken izini kan rumbun kansa, sannan kan kowane tebur, kweri, fom, rahoto da makro. Ana bin nau'i ɗaya bayan ɗaya, nan ne ake yawan tsallake wani. Dalilin zaɓen Users: lambarsa ɗaya ce a kowane .mdw a duniya, haka ma asusun Admin, wanda ke zuwa da kowane Access, amma ta rukunin Admins kowane fayil da tasa.

A nan masu gyara da yawa suke tsayawa, ganin fayil ya buɗe. A ganina rabin aiki ne. Mallaka tana nan hannun tsohon asusu, kuma shafin Change Owner yana iya sauya mai tebur ko mai kweri, amma ba ya sauya mai rumbun kansa. Wanda ya ƙirƙiri rumbu shi ne mai shi. Maganin sai a rufe Access, a sake buɗe shi da System.mdw na asali, wanda ya zo da Access, inda yake shiga a matsayin Admin ba tare da tambaya ba, a ƙirƙiri sabon rumbu fanko, a shigo da komai daga tsohon. A danna Options a tabbatar an zaɓi alaƙar tebura, menu da ƙa'idojin shigo da bayanai. Yanzu komai na Admin ne.

Akwai abubuwan da ba sa biyo kaya. Fom ɗin da ke buɗewa da farko sai an sake saita shi, haka References na VBA, wato jerin ɗakunan lambobin da shirin cikin rumbun ke dogara da su. Duk inda aka yi amfani da CurrentUser() don rubuta wanda ya karɓi kuɗi, daga yau Admin zai riƙa rubutawa, gara a faɗa wa mai wurin tun kafin ya ga rasit. Kwerin da ke da WITH OWNERACCESS OPTION, wato mai aiki da izinin mai shi, a mayar da shi izinin mai amfani. In rumbun biyu ne, na tebura da na fom, a fara da na tebura, sannan a sake haɗa su da Linked Table Manager. In kuwa .mde kawai ya rage, wato kwafin rumbun da aka kulle ƙirarsa, tebura da kweri za su fito, fom da rahoto ba za su fito ba.

Ana iya mayar da sabon zuwa .accdb, tsarin da ya zo da Access 2007, wanda ba shi da wannan tsaro sam. Sai dai yanzu duk wanda ya samu fayil ɗin zai buɗe shi, don haka muna sa masa kalmar sirri ta rumbu, mu taƙaita masu shiga foldar daga Windows. Kafin mu miƙa aiki muna ƙirga layukan kowane tebur a tsoho da sabo, mu buga rahoton kuɗin zango ɗaya a gaban akawun a gwada shi da na takarda.