Hankici don zufa, tishu don majina: yadda nake amfani da su a Akra

A aljihuna na dama akwai hankici, a na hagu ƙaramin ƙunshin tishu, kuma ba na bari ɗaya ya yi aikin ɗaya. Zufa da ƙura da ruwan alwala na hankici ne. Majina da kaki da ruwan ido mai ciwo na tishu ne. Na gwada riƙe kowannensu shi kaɗai, na ga inda yake gazawa.

Tishu ba ya iya wa zufar garin nan. Mutum ya hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga unguwar Nima zuwa kasuwar Makola da rana tsaka, falle ɗaya ba ya kai shi ko'ina. Yana jiƙewa ya dagargaje, ya bar farin ɓurɓushi a gemu da goshi, sai a zaro na biyu da na uku. Ƙaramin ƙunshin nan yawanci falle 10 ne, kafin la'asar ya ƙare. Hankicin auduga kuwa yana shan zufa, ka baza shi a gwiwa iska ta busar da shi, ka ci gaba da amfani.

Amma sai in audugar gaske ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake talla a bakin titi masu sheƙi ne, zaren roba ya yi musu yawa, ba sa tsotse ruwa sai dai su shafe shi a fuska. Kafin in saya nakan ɗiga ruwa a kai: auduga tana shanyewa nan take, na roba kuwa ɗigon yakan tsaya a sama. In yadi ne, ana zare zare ɗaya a ƙona. Auduga tana bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba tana narkewa ta dunƙule. Yanzu ma na fi son in sayi farin yadin auduga in kai wa tela. Yadi ɗaya mai faɗin inci 44 yana ba da hankici shida masu santimita 35 kowane gefe. A wanke yadin kafin a yanka, domin yana tsukewa a wankin farko kuma sitacin kamfani yana hana shi shan ruwa. A ce wa tela ya kalmashe bakin siriri, ninki biyu. Baki mai kauri yana kartar hanci, kuma shi ne yake ƙin bushewa.

Mutum ɗaya yana bukatar kamar dozin, in yana son ya ɗauki sabo kowace safiya, biyu ranar Juma'a ko ranar kasuwa. Mai hankici biyu kacal shi ne yake yawo da abu ɗaya kwana uku, ga tsami, ga ƙuraje a goshi.

Wanki ne ainihin aikin. Ina da ƙaramar roba mai murfi da ba a saka komai a ciki sai hankici. Da farko ina jiƙa su a ruwan sanyi da gishiri cokali biyu a lita ɗaya, na kamar minti 30. Kada a fara da ruwan zafi, domin zafi yana dafa majina da jini su kama zare. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hanci ke bushewa ana yawan haɓo. Bayan jiƙo sai a cuɗa da sabulu, Key soap ma ya isa, a ɗauraye, sannan a tafasa su minti 10 a tukunyar da aka ware. Wanda ba zai tafasa ba, in farare ne, ya zuba ruwan bilic cokali ɗaya a lita huɗu na ruwa, su yi minti 10, a ɗauraye sosai. Kada a haɗa bilic da maganin wankin masai ko wani sinadari, hayaƙin da ke tashi yana cutar da huhu.

Shanya a kan igiya, cikin rana. Ba a kan ƙasa ba, ba a kan katanga a inuwa ba. Akwai wani ƙuda a yankinmu da ke yin ƙwai a ƙasa da kan tufafin da aka shanya a irin wurin nan, tsutsar ta shiga fata ta kumbura kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan, shi ya sa nake goge kowane hankici ciki da waje. In an ɗauke wuta, dutsen guga na gawayi yana yi. Watan Yuni ne mafi wahala a Akra, iska cike take da laima, abin da aka ninke da sauran danshi sai ya yi funfuna da baƙaƙen ɗigo da ba sa fita.

Da mura ta kama ni, hankici yana hutawa. Ƙwayar cutar mura tana iya yin sa'o'i a kan ƙyalle da ranta, kuma duk lokacin da hannu ya shiga aljihu yana kwasowa, daga nan sai musabaha a ƙofar masallaci, sai kwanon tuwo da ake ci tare. Da tishu ana fyacewa sau ɗaya a yar, a wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20. Ciwon idon Apollo, wanda aka fara ganinsa a nan Gana a 1969, ta hannu da tawul da hankici yake zaga gida. Abin da ya fi damuna shi ne in ga uwa ta share idon yaro ɗaya, ta juya ƙyallen ta share na ƙaninsa, da kyakkyawar niyya. Kowane yaro da nasa, in ido ya yi ja kuwa sai tishu. Tarin da ya wuce mako biyu ba batun hankici ko tishu ba ne, a je asibiti a gwada tarin fuka.

Matsalar tishu ita ce ina za a jefa shi. Kwandon shara ba ko'ina ake samu ba, sai ya ƙare a kwata tare da ledar ruwa, ruwan sama ya kwashe zuwa kogin Odaw. Ina riƙe ƙaramar leda a jaka, in tara wanda na yi amfani da shi har in isa gida. Kuma tishun fuska ba na masai ba ne: an saka masa sinadarin da ke hana shi narkewa in ya jiƙe, don haka yana toshe bututu. Takardar masai mai naɗi ita ce take narkewa, ta kuma fi araha, ana iya yago kaɗan a ninke don fyace hanci, sai dai ta fi kaushi. In hanci ya fara ja, a shafa man kaɗanya a gefensa kafin a kwanta.